Tambayoyi da Amsoshi: Me Ake Yi a Liyafar Ɗanɗana Tsohuwar Giyar Inabi?

Duk sanda labari ya fito cewa an sayi kwalbar giyar inabi guda ɗaya a kan kuɗin da zai gina layin gidaje, tambayar mutanenmu ɗaya ce: wai me ke cikin kwalbar nan? Wasu kuma karatu ko aiki ne ya kai su Faransa ko Ingila, aka gayyace su cin abincin dare, suka tarar da kofuna shida shida a gaban kowa, dattawa masu furfura suna shinshina suna rubutu kamar ana jarrabawa. Ni ma haka na fara gani, ina ɗalibi a kudu maso yammacin Faransa, ina ɗan aikin dare a wani gidan abinci da wata ƙungiya ke kama ɗakinsa na sama sau ɗaya a wata. Ban taɓa sha ba. Aikina kai faranti da goge kofuna ne, sai dai wanda ke tsaye a bayan teburi yana ganin abin da na zaune ba ya gani. Ga tambayoyin da aka fi yi mini tun daga lokacin.

Su wane ne ke yin wannan liyafa, kuma yaya take?

Yawanci mutum takwas ne zuwa goma sha biyu. Da dalili aka tsaya a nan. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, in aka zuba kaɗan kaɗan za ta zagaya mutum goma sha biyu, in sun wuce haka sai an buɗe ta biyu, kwalba biyu kuwa ko daga ganga ɗaya suka fito ba lallai su zo daidai ba bayan shekara talatin. Akan tsayar da magana tun kafin ranar, a ce giyar gona kaza za a buɗe, ko ta shekara kaza. Ko dai kowa ya ɗauko kwalba daga rumbunsa, ko a yi karo-karo a saya. Likitoci ne da lauyoyi da 'yan kasuwa, wani lokaci har da manoman inabin kansu.

Akwai kuma manyan ƙungiyoyi masu tarihi. A yankin Burgundy na Faransa an kafa Confrérie des Chevaliers du Tastevin a 1934, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, giya ta cika rumbuna babu mai saye. Suka ce tun da ba ta sayuwa, bari su gayyato baƙi su shayar da su, ko a samu masu ciniki. Har yau suna liyafarsu a tsohon gidan Clos de Vougeot, da jajayen riguna da ɗaruruwan baƙi. A garin Meursault ana yin wata walima duk watan Nuwamba, kashegarin gwanjon giyar asibitin Hospices de Beaune, inda kowane manomi ke zuwa da kwalaben da yake alfahari da su yana zagayawa da su teburi teburi. A Landan kuma wani Bafaranshe mai suna André Simon ya kafa tasa ƙungiyar ta abinci da giya a 1933.

Ba dai shaye-shaye ba ne aka ɗaura wa lakataye?

Ya danganta. In ƙwararru ne ke aiki, masu saye don kamfani ko masu rubuta rahoto, tofarwa suke yi. Akan ajiye musu ɗan bokiti, su kurɓa, su juya a baki, su tofar, don wani yakan ɗanɗana kala hamsin kafin azahar. A liyafar dare kuwa haɗiyewa ake yi, kada kowa ya gaya maka wani abu daban. Takardunsu da nake kwashewa su ne shaida: kofi na farko an cika rabin shafi da bayani, na biyar layi uku, na goma kalma ɗaya, ita ma ta karkace.

Ina matsayin wannan a addini, kuma in an gayyace ni me zan yi?

Ga Musulmi babu kwana-kwana, haramun ce. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yanke magana, hadisi kuma ya haɗa da mai matsa ta da mai ɗaukar ta da mai sayarwa da mai zubawa, akwai kuma hani a kan zama a teburin da ake sha. Tsufa ko tsada ba sa sauya hukunci. Wannan ne ma ya sa ban daɗe a wancan aikin ba. Kiristoci masu jin Hausa sun sha bamban a kai, coci-coci da dama a arewa suna hana mabiyansu sha. Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani gwargwadon barasa da za a ce ba shi da illa, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

In aiki ya kai ka irin wannan wuri, ka faɗa tun da wuri cewa ba ka sha. Ba a jin haushi, ruwa za a kawo maka. Abin da ya kamata ka lura da shi miya ce, domin girkin Faransawa da yawa da giya ake dafa shi, musamman naman sa irin na Burgundy da wata kaza da ake dafawa cikin jar giya. Ka tambayi mai kawo abinci.

Me ya sa tsufa ke ƙara mata daraja? Ai abin sha in ya kwana lalacewa yake yi.

Mafi yawan giyar inabi ma lalacewa take yi. Wadda ake sayarwa a kantuna an yi ta ne don a sha cikin shekara biyu ko uku, in ka ajiye ta shekara ashirin khal za ka tarar. Ƙalilan ne ke jure tsufa, kuma abin da ke riƙe su shi ne tsami, da sukari in masu zaƙi ne, da wani sinadari da ake kira tanin.

Bahaushe ya san tanin ko da bai san sunansa ba. Shi ne baurin da ke ɗaure maka baki in ka ci goro ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta, shi ne kuma abin da ke cikin bagaruwa da majema ke jeme fata da ita. Yadda yake hana fata ruɓewa, haka yake kare giya. A inabi yana cikin ɓawo da ƙwallo, wani kuma yana fitowa daga gangar itacen oak da ake ajiye giyar a ciki shekara ɗaya zuwa biyu kafin a ɗura a kwalba. Sabuwar giya mai kyau ta yankin Bordeaux na Faransa bauri gare ta har ba ta shayuwa da daɗi. Da shekaru suka tura, tanin ɗin yakan haɗu da sinadarin launi, wani ya kwanta ƙasa ya zama laka, baurin ya lafa.

Launi ma yana sauyawa. Ja mai duhu kamar zoɓo yakan koɗe ya koma kalar jan bulo, musamman a gefen kofi. Fara kuma duhu take ƙarawa, daga ruwan ɗorawa zuwa kalar zuma. Ƙamshin 'ya'yan itace yakan ja baya, wani ya taso: suna cewa ƙamshin jemammiyar fata, da busasshen ganyen taba, da naman kaza, da ƙasa bayan saukar ruwan farko. Wannan ƙamshin na biyu shi ake biyan kuɗi dominsa, don babu wata dabara da ke kawo shi sai jira. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, to amma zuma ba ta mutuwa, giya kuwa tana da ganiya. Tana hawa, ta tsaya wasu shekaru, ta gangara. Rabin gardamar da ake yi a teburin a kan haka ne: an buɗe ta da wuri, ko an makara?

Shekarar da ke jikin kwalba ta mene ne?

Shekarar da aka girbe inabin ce, ba wadda aka ɗura ba. Duk manomi zai gane dalili: damina ba ta zama ɗaya. Sanyi mai ƙanƙara a farkon bazararsu yana kashe fure, ruwa a lokacin girbi yana tsinka zaƙi ya kawo ruɓa. A Bordeaux ana yawan ambaton 1945 da 1961, shekarun da sanyi ya rage amfanin gona, ɗan abin da ya tsira kuma ya nuna da kyau, da 1947 mai tsananin zafi, da 1982. Sanyin Fabrairun 1956 kuwa kurangun kansu ya kashe a gonaki da yawa, sai da aka sake shuka.

Yaya ake jera kwalaben don a kwatanta?

Hanya biyu ce. Akwai jerin tsaye: gona ɗaya, shekaru daban daban, misali Château Latour ta 1961 da 1970 da 1982 da 1990. Ƙasa ɗaya ce, irin inabi ɗaya, don haka bambancin da aka ji na damina ne da na tsufa. Akwai jerin kwance: shekara ɗaya, gonaki daban daban. A nan damina ɗaya ta sauka wa kowa, bambancin na ƙasa ne da hannun mai yi. Ana kawo su uku uku ko huɗu huɗu a lokaci guda, domin harshe ba ya riƙe ɗanɗano, sai an koma kofin baya an sake gwadawa.

Wannan juya kofi da cusa hanci fa, ba iyayi ba ne?

Akwai iyayi, amma akwai dalili a ƙarƙashinsa. Harshe zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da ɗanɗanon romo kawai yake ganewa. Sauran duk aikin hanci ne, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin miya. Juya kofi yana shimfiɗa giyar a jikin gilashi ƙamshi ya tashi, kofin kuma an yi shi da faɗin ciki da tsukakken baki don ya tara ƙamshin. Ana riƙe shi ta ƙafa don kada ɗumin hannu ya taɓa abin da ke ciki, wanda ake so ya tsaya wajen digiri 16 zuwa 18 in ja ce. Bayan an kurɓa sai a zuƙi iska ta tsakanin haƙora, da wata ƙara da in yaro ya yi ta a gidanmu sai an harare shi. Daga nan a lura da daɗewar ɗanɗanon a baki bayan an haɗiye. Wanda ya ɓace nan take ba a ɗauke shi da daraja ba.

Dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta turare. Ba a shafawa. Ranar da na fara aiki na zo da ɗan turarena na almiski kamar yadda na saba, shugaban ma'aikata ya shinshina sau ɗaya ya mayar da ni kicin, sai da na wanke wuya da hannu na sauya riga. Furanni masu ƙamshi ma ba a ajiyewa a ɗakin, kofunan kuma da ruwan zafi zalla muke ɗauraye su, mu goge da ƙyallen da bai ji sabulu mai ƙamshi ba.

Na ga ana kunna kyandir ana zuba giya a wani tulun gilashi. Me ake nufi?

Tsiyayewa ce, don a raba giya da lakar da ta kwanta. Akan tayar da kwalbar tsaye kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, lakar ta sauka gindi. Mai kula da giyar gidan, wanda Faransawa ke kira someliye, yakan ɗauko ta a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Matoshin kwalbar ɓawon wani itace ne, wanda kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa, ana saɓule shi daga jikin bishiya duk shekara tara. Bayan shekara arba'in a wuyan kwalba yakan yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, don haka ba a huda shi da ƙarfi, akwai wani ƙarfe mai harshe biyu da ake zurawa ta gefe da gefe a murɗo shi. Na taɓa ganin namu ya shafe kusan minti goma a kan matoshi ɗaya, gumi na tsattsafo masa, ɗakin tsit.

Sai ya ajiye kyandir a ƙarƙashin wuyan kwalbar, yana zubawa a tulu sannu a hankali ba tare da ya tsaya ba, idonsa a kan hasken da ke ratsa gilashin. Da ya hango baƙin zare na laka ya iso wuya, sai ya ɗaga. Ɗan abin da ya rage a bar shi.

Ana gardama a kan wannan ma. Sabuwar giya tana son iska, tsohuwa tukuf kuwa iska na iya kashe ta. Wata takan buɗe da ƙamshi na minti ashirin, kafin rabin awa ta zama lami. Mutum ya jira shekara hamsin saboda minti ashirin.

Me ya sa ake rufe kwalaben da takarda ko safa?

A ganina wannan ne kaɗai wurin da ake gaskiya tsantsa a duk daren. In mutum ya ga babban suna a jikin kwalba, bakinsa ya riga ya yanke hukunci. In an rufe, sai harshe ya tsaya da ƙafarsa.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne abin da ya faru a birnin Paris ranar 24 ga Mayu, 1976. Wani Baturen Ingila mai kantin giya a birnin, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara, duk Faransawa ne masu faɗa a ji a harkar, a otal ɗin InterContinental. Ya jera musu farare goma da jajaye goma, a kowane rukuni shida daga Kalifoniya, huɗu daga manyan gidajen Faransa, ba suna. A lokacin ba wanda ke ɗaukar giyar Amurka a bakin komai, shi kansa mai shirya taron bai yi zaton za ta ci ba. Da aka tara maki, Chateau Montelena ta 1973 ta zo ta ɗaya a farare, Stag's Leap Wine Cellars ta 1973 ta zo ta ɗaya a jajaye, ta sha gaban Mouton Rothschild ta Faransa ta 1970 da ɗan rata ƙanƙani. Montelena da Stag's Leap dukansu daga kwarin Napa na Kalifoniya suke. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, editar wata babbar mujallar giya, ta nemi a maido mata da takardar makinta. Ɗan jarida ɗaya tak ya halarta, George Taber na mujallar Time, shi ya kai labarin duniya.

Faransawa suka ce a bari a gani, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: giyar Kalifoniya daɗin ƙuruciya gare ta, ba za ta tsufa ba. Ranar da abin ya cika shekara talatin, a 2006, aka sake buɗe jajayen nan dai, a Landan da Napa lokaci guda. Ridge Monte Bello ta 1971 ta zo ta ɗaya, kuma biyar ɗin farko duk na Kalifoniya ne.

To ashe ƙwararrun duk burga ce?

Ba duka ba, amma an sha kama su. A 2001 Frédéric Brochet da abokan aikinsa a Jami'ar Bordeaux sun rina farar giya da jan launi marar ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu karatun harkar. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. A 2008 masu bincike a Kalifoniya suka ba mutane giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya ta dala 90, ana duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Ba faɗa kawai suka yi ba cewa mai tsadar ta fi, ɓangaren jin daɗi na ƙwaƙwalwar ya fi motsawa da gaske. Robert Hodgson kuma, wani malamin jami'a da ya koma noman inabi, ya riƙa ba alƙalan gasar bajekolin jihar Kalifoniya giya ɗaya sau uku daga kwalba ɗaya ba su sani ba. Kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke ba ta maki mai kama da juna.

Duk da haka horo yana aiki. Jarrabawar Master of Wine ta Landan tana sa mutum ya ɗanɗana kala 36 a rufe ya yi bayanin irin inabi da yanki da inganci, kuma waɗanda ke riƙe da wannan laƙabi a duniya ba su kai 500 ba. Abin da na lura da shi a ɗakinmu na sama shi ne wanda ya fi sani ya fi saurin cewa bai tabbata ba. Mai ɗaga murya ya rantse cewa wannan ta gona kaza ce, shi ne yawanci ke sunkuyar da kai in an zare safar.

Makin da ake bayarwa fa?

Turawan Ingila da Faransawa sun saba da ma'aunin 20. Ba'amurke Robert Parker, lauya ne da ya fara buga rahotonsa a 1978, shi ya yaɗa na 100, wanda a zahiri daga 50 yake farawa. Sunansa ya fito ne da ya yabi girbin 1982 tun giyar tana cikin ganga, ta kuma zo yadda ya faɗa. Daga baya makinsa ya kai ga ɗaga farashi ko kayar da shi. A liyafar abokai dai yawanci hannu ake ɗagawa, kowa ya faɗi ta ɗayansa da ta biyunsa.

Me ke kawo wannan tsada haka?

Suna da ƙaranci. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya shirya bajekolin duniya a Paris, aka nemi dillalan Bordeaux su jera gonaki bisa daraja. Suka duba farashin da kowace gona ke samu suka kasa su hawa biyar. Huɗu ne a sama: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Babban sauyi ɗaya aka yi tun daga lokacin, a 1973 da aka ɗaga Mouton ta zama ta biyar ɗinsu. Jerin da dillalai suka rubuta shekara fiye da 160 shi ke jan kasuwa har yau.

Ƙaranci kuwa, a duba Romanée-Conti a Burgundy. Gonar hekta 1.8 ce, ba ta kai filin ƙwallo uku ba, kwalaben da take bayarwa a shekara 'yan dubbai ne, attajiran duniya duka suna layi. A ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa da ya shigo daga Amurka ya cinye gonakin inabin Turai, maganin da aka samu shi ne a yi wa kurangar Turai aure da saiwar ta Amurka. Wannan gonar ta riƙe tsofaffin kurangunta har 1945, inda ta ba da kwalba 600 kacal, sannan aka tumɓuke su, ba a sake samun giya daga gare ta ba sai 1952. Ɗaya daga cikin waɗannan 600 ce aka sayar a gwanjon Sotheby's na New York a Oktoban 2018 a kan dala 558,000.

Ana yin jabu?

Inda kuɗi ya kai haka, tambaya ma ba ta taso ba. Wanda ya fi shahara shi ne Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, kuma ta irin waɗannan liyafofi ya shiga jikin attajirai. Yana da baki mai gane ɗanɗano, yana da kyauta, yana buɗe kwalabe na gaske masu tsada a teburi, sannan ya sa a aika masa da kwalaben da aka shanye gida. A 2006 gwanjo biyu na kayansa sun tara kusan dala miliyan 35. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a 2008 ya kai wasu kwalabe gwanjo da sunan gidan Ponsot, na gonar Clos Saint-Denis, masu shekaru daga 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya hau jirgi ya zo New York da kansa, domin gidansu bai fara yin wannan giyar ba sai 1982. A Maris na 2012 jami'an FBI suka shiga gidan Kurniawan suka tarar da dubban takardun manna wa kwalba da matosai da kakin hatimi. An yanke masa shekara goma, aka mayar da shi ƙasarsu a 2021.

Kafin shi akwai kwalbar Lafite ta 1787 mai harufan Th.J. a jiki, da aka ce ta shugaban Amurka Thomas Jefferson ce. An sayar da ita fam 105,000 a gwanjon Christie's na Landan a 1985. Daga baya masu binciken wani attajiri da ya sayi 'yan'uwanta suka ce da injin lantarki aka zana harufan.

Kimiyya ta taimaka ta wata hanya mai ban mamaki. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka fara a 1945 sun watsa sinadarin siziyom-137 a duniya, ya shiga ƙasa da tsirrai. Wani masani a Bordeaux, Philippe Hubert, ya nuna ana iya auna shi ta jikin gilashi ba tare da an buɗe ba. In kwalba ta ce ita ta 1928 ce aka same shi a ciki, an gama magana.

In an buɗe aka tarar ta lalace fa?

Yana faruwa, kuma babu wanda za a kama. Wani lokaci matoshin ne ke ɗauke da sinadarin TCA, wanda ɗigonsa kaɗan ke sa giya warin jiƙaƙƙen kwali. Wani lokaci iska ce ta shiga. Mafi yawa dai zafi ne. Ana so a kwantar da kwalba a duhu, wajen digiri 12 zuwa 13, da ɗan laima don kada matoshi ya bushe. Wata guda a bayan mota cikin zafin Sakkwato ko Agadas ya isa ya dafa abin da aka yi shekara talatin ana reno. Shi ya sa masu saye ke bin tarihin kwalba, wa ya ajiye ta, a ina, suna kuma duba yadda ruwan ya sauka a wuya.

Giyar tsibirin Madeira ce kaɗai ta mayar da zafi abokinta. A da gangunanta kan ratsa wurare masu zafi a cikin jiragen ruwa, aka lura hakan na gyara ta, sai aka koma ɗumama ta da gangan. Tun da an riga an dafa ta, babu sauran abin da zai same ta, ana buɗe wadda aka yi a ƙarni na 19 a sha lafiya lau.

Wace ce mafi tsufa?

Akwai kwalbar da aka tono a 1867 daga kabarin wani Barume kusa da Speyer a Jamus, ta ƙarni na 4, tana gidan tarihi ba a buɗe ba. Cikin tsofaffin da aka ɗanɗana kuwa, a 2010 masu nutso sun samo kwalabe 168 na shamfen, giyar inabi mai kumfa, a wani jirgi da ya nutse kusa da tsibiran Åland a tekun Baltik, sun yi kusan shekara 170 cikin sanyi da duhu. An same su da sukarin da ya fi na lemon kwalba na yau.

Wane abinci ake ci da ita?

Mai sauƙi: gasasshen ɗan rago, naman sa, tsuntsun daji, cuku. Yaji da tsami mai ƙarfi suna danne tsohuwar giya, barkononmu dai ba zai shiga ɗakin ba. Ana farawa da fara kafin ja, marar nauyi kafin mai nauyi, mai zaƙi irin ta Sauternes a ƙarshe, sau da yawa tare da cukun Roquefort mai gishiri.

Kwalaben da aka shanye, ina ake kai su?

Akan jera su a kan teburi a ɗauki hoto, wani ya roƙi ɗaya ya kai gida. Amma kwalbar babban gida ko babu komai a ciki tana da masu saye a intanet, kuma kowa ya san abin da za su yi da ita. Don haka wasu gidajen abinci ba sa barin ta fita da ranta. A namu, bayan baƙi sun watse wajen ƙarfe ɗaya na dare, mai kula da giyar yakan zauna da jan alƙalami ya ja layi biyu a kan kowace takarda, ya rubuta kwanan wata. Manyan ciki kuma yakan miƙo mini su da guduma, in kai su bayan kicin in farfasa a cikin wani tsohon buhu, yana tsaye yana ƙirgawa.